Yadda Baffa ya tashi daga kwanciyar shanyewar ɓarin jiki

Baffa ladan ne a masallacin unguwarmu cikin birnin Kano, yana kuma da rumfar huluna a Kasuwar Kurmi. Shekararsa 63 lokacin da abin ya same shi. Ya yi shekara huɗu da sanin yana da hawan jini, amma irin sanin da yawancin iyayenmu suke yi: in kai ya sara ko ƙeya ta riƙe a sha magani kwana uku, in ya lafa a jefa kwalin kan durowa. Wata asuba cikin hunturu aka ji shiru ba a kira sallah ba. Inna, matarsa, ta leƙa ta tarar da shi zube a gefen buta, baki ya karkace, hannun dama ya saki, yana ta motsa leɓe magana ta ƙi fita. Ni 'yar ƙanensa ce, aikina jinya, kuma da yardarsa nake rubuta wannan, domin ayyukan da suka tashe shi ƙanana ne, kowane gida zai iya koyonsu in aka samu mai nunawa.

Tun kafin rana ta fito aka yi kuskuren farko. Maƙwabta suka taru, aka ce iska ce ta buge shi a bakin banɗaki, aka kwantar da shi rigingine aka ɗura masa ruwan rubutu. Ya ƙware har idanunsa suka kaɗa. Ƙauna ce ta sa aka yi haka, babu mai mugun nufi, sai dai wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiyarsa ma ta samu matsala, abin da aka zuba masa a baki huhu yake wucewa. A yi tofi, a shafa, a yi ta addu'a a cikin mota, amma kada a ɗura komai. Sai bayan azahar aka kai shi asibiti.

Ciwon nan iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya zuba. Ido ba ya bambance su, sai hoton kai. Shi ya sa ba a ba mutum asfirin a gida, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Allurar da take narkar da gudan jini kuwa wa'adinta awa huɗu da rabi ne daga fara ciwon, a inda ake da ita. Na Baffa toshewa ce a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, don haka dama ta shanye, magana ta tafi, saboda cibiyar magana a yawancin mutane a hagu take. Da aka auna jininsa aka samu 198 bisa 110, 'ya'yansa suka tada hankali a sauko da shi yanzu-yanzu. Sistar ɗakin maza ta zaunar da su ta yi musu bayani: a irin na toshewa, a kwana ɗaya ko biyun farko likitoci ba sa gaggawar sauko da jini in bai haura 220 bisa 120 ba, domin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya jikkata yana buƙatar jinin ya riƙa isa gare shi da ƙarfi. A hankali ake saukowa da shi daga baya.

Wannan sistar ita ta rataya takarda a kan gadonsa cewa kada a ba shi komai ta baki, sannan ta gwada haɗiyarsa. Ta zaunar da shi sosai da filo a bayansa, ta tabbata ya farka kuma yana iya riƙe wuyansa, ta goge masa baki. Ta ba shi ruwa cokalin shayi ɗaya, yatsanta a kan zakaran wuyansa don ta ji ko ya hau ya sauko. Sai ta ce, "Baba, ce aa." Ƙa'idar ita ce a yi haka sau uku, in lafiya a ba da kamar mililita 50 a kofi. In ya yi tari, ko ruwan ya dalalo, ko numfashi ya canza, ko muryar ta fito da gurgurar ruwa, nan take a dakata. A cokali na biyu muryar Baffa ta fito kamar mai kurkurar baki. Aka ce sai robar hanci, wadda ake zurawa ta hanci har tumbi a riƙa ba da abinci ta cikinta.

Nan aka sha daru. A wajen mutanenmu da zarar an ga roba a hancin mutum an ɗauka an gama, sai jiran lokaci. Inna ta ce ita ba ta yarda ba. Sista ta ce mata, "Hajiya, hanya ce kawai muka canza wa abinci kafin maƙogwaro ya farfaɗo. In ya iya haɗiya da hannuna zan cire ta." Ta auna tsawon robar daga kan hanci zuwa leɓen kunne zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji, ta saka, ta manna filasta a daidai inda ta tsaya. Sannan ta koya wa Inna da babban ɗansa yadda ake ba da abinci. Kafin kowane ci a duba alamar nan ko ta gusa, a zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji a ɗiga a takardar awon tsami. In ta nuna 5.5 ko ƙasa, robar tana cikin tumbi, in ba haka ba a kira ma'aikaci, kada a zuba komai. A ɗaga kan gado ya zama kamar mai kishingiɗa sosai. A fara da ruwa mililita 30, sannan abinci kamar mililita 250 duk bayan awa uku zuwa huɗu, a bar shi ya gangara da kansa cikin minti 15 zuwa 20 ba tare da an tura ba, a sake bin sa da ruwa mililita 30 don kada robar ta toshe. Bayan an gama ya zauna a haka aƙalla rabin awa. Tsararon koko zalla ba ya riƙe mara lafiya, don haka ake dama masa kunun gyaɗa da madara, a markaɗa dafaffen ƙwai ko kifi ko wake da ganye a tace sosai. Magani ana daka kowanne daban a jiƙa, amma akwai waɗanda ba a dakawa sam, irin nifedifin mai narkewa a hankali, don in an daka shi ƙarfin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya. Sai a tambayi mai ba da magani.

Ana auna zafin jikinsa duk awa huɗu, da sukarinsa kuma ko da yake ba shi da ciwon sukari. A kwana na uku ma'auni ya nuna 38.2, numfashi ya ƙara sauri. Ruwan da aka ɗura masa a gida ne ya zama ciwon huhu. Da yake an kama shi da wuri, farasitamol da allurar kashe ƙwayoyin cuta suka kwantar da shi cikin 'yan kwanaki. Waɗannan abubuwa uku, zazzaɓi da sukari da haɗiya, aikin ma'aikatan jinya ne tsantsa, kuma an gwada tasirinsu. A wani bincike da aka yi a sassan kula da masu wannan ciwo guda 19 a Ostareliya, aka wallafa a 2011, inda ma'aikatan jinya suka bi tsari a kan abubuwan nan uku, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu bayan kwana 90 sun kasance 42 cikin ɗari, a sauran wuraren kuwa 58 cikin ɗari. Babu wata na'ura mai tsada a cikin tsarin, ma'aunin zafi ne da na sukari da cokali da kofi.

A kwana na tara aka sake gwaji ya haɗiye kunu mai kauri ba tari, bayan kwana biyu sista ta cire robar kamar yadda ta yi alkawari. Ruwa tsararo shi ya fi komai wuyar haɗiya, saboda saurin gangarawarsa, shi ya sa aka fara da kunu mai kauri, da dankali da aka murƙushe, da ayaba, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Aka jinkirta shinkafa warawara da dambu da gyaɗa da garin kwaki. Yana ci a zaune, haɓa a ɗan sunkuye, rabin cokali ta gefen hagu mai lafiya, ba a hira da shi yana tauna. Bayan ya gama a duba kuncin dama, don abinci yana maƙalewa a nan ba tare da ya ji ba, in ya kwanta ya gangara huhu. Ana goge masa haƙora da harshe safe da dare, har lokacin da ba ya ci ta baki.

Sai maganar juyi, wadda ita na fi so a ji da kyau, don a nan gidaje da yawa suke rasa mutanensu bayan an sallamo su lafiya. Mai lafiya yana juyawa cikin barci bai ma sani ba. Wanda ya shanye ba ya iyawa, sai nauyinsa ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa, naman ya mutu daga ciki. Awa biyu ita ce ƙa'ida, dare da rana: gefen hagu, baya, gefen dama, a koma. In za a kwantar da shi a gefe kada a ɗora shi daidai kan ƙashin ƙugu, a ɗan karkata shi kawai a tokare bayansa da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin hannun da ya shanye. In yana rigingine a sa filo a tsaye ƙarƙashin ƙwauri yadda dugadugai za su rataya ba su taɓa katifa ba. Mutum biyu ne suke ɗaga shi da zanin gado; jan mutum a kan gado yana saluɓe fata. Zani ya zama a miƙe, babu tattara, babu burbushin abinci, kuma leda tana ƙarƙashin zani, ba a kwantar da fata a kanta. In ya yi fitsari ko bayan gida a wanke nan take da ruwa mai ɗumi, a tsane ta hanyar dannawa da tawul, a shafa basilin ko man zinki.

Littattafan koyarwa suna cewa a duba ja a fata. A baƙar fata irin tamu ja ba ya nunawa, saboda haka hannu ne yake dubawa: wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar nunannen tumatir. Wuraren dubawa su ne ƙashin gindin baya, da ƙugu biyu, da dugadugai, da idon sawu, da allon kafaɗa, da gwiwar hannu, da kunne, da ƙeya. In an ga alama kada a murza wurin, murzawa ƙara kashe naman take yi. A ɗauke nauyi daga kansa gaba ɗaya.

A asibiti an kiyaye wannan. Da aka dawo gida bayan kwana 16 sai ya zama kowa yana zaton wani ya juya shi, musamman daga sha biyun dare zuwa asuba. A mako na biyu aka ga dundunyarsa ta dama ta yi baƙi ta tashi bororo kamar girman murfin kwalba. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a fasa kafso a barbaɗa, wani ya ce toka. Ma'aikacin jinyar da yake zuwa wanke ciwon ya hana duka biyun, ya hana sifirit ma, domin yana ƙona sabon naman da yake tsirowa. Ruwan gishirin asibiti kawai yake wankewa da shi, ya rufe da gozi mai tsabta, ƙafar kuma a rataye kullum. Aka ƙara masa ƙwai da wake da kifi da nono, don gyambo ba ya rufewa a jikin da ba ya samun abinci mai gina jiki. Alamun da aka ce in an gani a koma asibiti su ne wari, da mugunya, da kumburin gefen ciwon, da zazzaɓi. Ɗan wurin nan sai da ya ci mako bakwai kafin ya rufe, kuma shi ya jinkirta fara takawarsa. Daga ranar aka manna kwali a bango, aka rubuta awoyi daga shida na safe zuwa shida na wata safiyar, kowane layi da sunan mai juyi da gefen da za a juya, wanda ya yi ya sa hannu. Samari uku suka raba dare.

Kafaɗa ma tana da nata haɗarin. Tsokar da take riƙe ta ta saki, in aka ɗago mutum ta hannun da ya shanye, ko aka cusa hannu a hammatarsa aka finciko, ƙashin yana zamewa daga gurbinsa, ya bar masa ciwon da zai hana shi barci wata da watanni. Ana tashinsa ta ɓangaren lafiya, mai taimako ya riƙe ƙugu da bayan allon kafaɗa, gwiwarsa tana tokare da gwiwar da ba ta da ƙarfi. In yana zaune hannun yana kan filo, ba a barinsa yana lilo. Wajen sa riga hannun da ya shanye ne yake fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu motsa gaɓoɓi, suka nuna yadda za a riƙa motsa kowace gaɓa sau goma, sau biyu ko uku a rana, daga yatsu zuwa kafaɗa, daga yatsun ƙafa zuwa ƙugu, a hankali, a tsaya inda ya fara jin ciwo, hannun kuma kada a ɗaga shi sama da tsayin kafaɗa sai da mai gashi a wurin. Da yatsun suka fara ƙanƙamewa wani ya kawo ƙwallon roba ya riƙa matsawa, mai gashi ya ce a ajiye, hannun nan buɗewa yake nema. Gashi da ruwan zafi da muka saba kuwa sai an yi hattara ƙwarai, domin ɓangaren da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata, mutum zai ƙone yana kallo. Mai jinya ya fara gwada ruwan da gwiwar hannunsa. In kuma aka ga tsokar bayan ƙwauri ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa ta, gudan jini ne mai yiwuwa, asibiti za a nufa.

Robar fitsari an cire ta tun a kwana na biyar, don duk kwanan da ta ƙara ƙofa ce ta shigar cuta. Maimakonta aka sa masa lokaci: duk awa biyu zuwa uku a miƙa masa abin fitsari ko bai nema ba, da kuma bayan kowane cin abinci. Cikin wata guda ya daina jiƙa shimfiɗa da rana. Masan gidan na tsugunno ne, aka samo kujerar roba mai ƙarfi aka huda tsakiyarta. Don kada cikinsa ya ɗaure ana lissafa ruwan da ya shiga cikinsa ya kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu, da zogale da alayyafo da gwanda. Tsarki kuwa Inna ce ko ɗansa namiji, a rufe ƙofa, a rufa masa zani. Dattijon da ya yi shekara talatin yana kiran mutane sallah bai kamata a buɗe shi gaban surukai da jikoki ba, kuma yana sane da duk abin da ake yi.

Wajen mako na huɗu Baffa ya daina cin abinci. In an kawo ya juya fuska bango. Aka yi zaton haɗiyar ce ta sake lalacewa, aka gwada, lafiya lau. Ma'aikacin jinyar nan da yake wanke dundunya shi ya lura cewa in Inna ta ba shi a baki yana ɗan karɓa, in aka sa masa cokali a hagu sai hawaye. Mutumin da ya tashi yana hana yara ci da hagu, yau an miƙa masa cokali a hagu. Aka roƙi liman ya zo. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Malam, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Wanda ya ba ka dama shi ya riƙe ta, ka ci da wadda ya bar maka." Ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance a gefe. Ya kawo masa dutsen taimama ya ajiye kusa da filo. A daren ya ci tuwo da kansa. Duk da haka aka faɗa wa likita, domin kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi wannan ciwo suna faɗawa ciwon damuwa, kuma yana da magani. Alamunsa ƙin abinci, da ƙin gashi, da rashin barci, da juya wa mutane baya. Masu cewa taurin kai ne ko rashin tawakkali suna ƙara masa nauyi ne kawai.

Maganarsa ta dawo ta ƙofar da 'yan gida ba su zata ba. Ba ya iya cewa ruwa, ba ya iya kiran sunan Inna, amma ran da jikansa ya zauna kusa da shi yana biya Fatiha, sai aka ji Baffa ya ɗauka daga tsakiya ya kai ƙarshe, harafi bai faɗi ba. Abin da harshe ya haddace tun ƙuruciya, kamar karatu da ƙirge da kiran sallah, yakan tsira ko da maganar yau da kullum ta ɓace. Da wannan aka riƙa jan sa. Aka kafa dokoki a ɗakin: mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a kashe rediyo, a yi tambayar da amsarta i ko a'a ce, a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita, kada a ƙarasa masa kalma sai ya nema, kada a ɗaga murya don ba kurma ba ne, kada kuma 'yan dubiya su tsaya a kansa suna cewa "Allah sarki, ya gama yawo." Yana jin komai. Aka zana buta da kofi da filo da abin fitsari a kwali yana nunawa da yatsa.

Maganin da aka sallame shi da shi huɗu ne: amlodifin miligiram 10, lisinofiril 10, asfirin 75, da atobastatin 40 na rage kitsen jini. Ranar sallama sista ba ta tsaya a "kin gane?" ba, don kowa zai ce ya gane. Ta ce, "Hajiya, nuna min yadda za ki ba shi gobe." Nan aka gano Inna ba ta karanta boko, sai aka rubuta mata a ajami a jikin kowane kwali, aka zana rana a na safe, wata a na dare. Aka ɗaura na safe da sallar asuba, na dare da lisha, tunda waɗannan ba a mantawa da su a gidan. Duk Juma'a ana zuba na mako a ƙananan ambulan bakwai. Mutum ɗaya ne mai ba da magani, don kada a ba shi sau biyu ko a ƙi ba shi sam. 'Ya'yan suka yi karo-karon kuɗin wata, ana sayen sabo tun saura na kwana bakwai. Aka sayi na'urar awo ta dantse da littafin rubutu. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannun hagu a kan filo daidai da ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya a rubuta. Abin da likita ya ce a nema shi ne ƙasa da 130 bisa 80.

A wata na uku awon ya zauna daidai, sai ga shi kwatsam 176 bisa 104. Ranar asibiti ma'aikaciyar jinya ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage ta ga sun fi yadda ya kamata da na kwana tara. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da Inna ta rufe bakinta. Cewa ta yi, "Hajiya, mutane da yawa suna ajiye maganin nan saboda wani dalili. Me kika gani?" Sai Inna ta ce wani busasshen tari ne yake hana Malam barci tun da ya fara, ga shi wani ɗan dubiya ya ce ai jinin ya sauka, maganin asibiti kuma in ya bi jiki ba a rabuwa da shi. Tarin gaskiya ne, sanannen halin lisinofiril ne, likita ya canza shi da losatan 50, cikin 'yan makonni ya ɗauke. Ɗayar maganar kuma aka warware mata: jinin ya sauka ne saboda maganin yana ciki, in an janye zai koma inda yake, kuma wanda ciwon ya taɓa bugewa ya fi kowa haɗarin a sake. Aka gaya mata tun da wuri cewa amlodifin yana iya kumbura idon sawu, in ta gani ta kawo shi, kada ta tsayar. A nan ne ma aka gano ana sayo masa diklofenak a kemis saboda ciwon kafaɗa. Shi da ibufurofen suna tada jini, suna wahalar da ƙoda, haɗe da asfirin kuma suna iya sa ciki zubar da jini. Aka koma farasitamol.

Gishiri ya fi magani wuyar sha'ani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda yake cikin burodi da yaji da kilishi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. Da farko tukunya daban ake yi masa, ya ƙi ci, yana kallon kwanon kowa. Sai aka rage na gidan gaba ɗaya kaɗan-kaɗan, aka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, cikin wata guda harshen kowa ya saba. Azumin shekarar farko bai yi ba, bisa shawarar likita da fatawar liman. A na biyu, da yake magungunan duk sau ɗaya ne a rana, likita ya yarda a mayar da su lokacin buɗa-baki da sahur, da sharaɗin in jiri ya kama shi ya karya.

Zama a bakin gado tun yana asibiti aka fara, minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, ana kallon fuskarsa ko jiri zai ɗebe shi. A gida da katifa a ƙasa yake kwana, aka kawo gado mai tsayin gwiwa don tashi daga ƙasa ya fi ƙarfinsa. Aka naɗe tabarmin tsakar ɗaki, aka ajiye silifas aka sayo takalmi mai maɗauri, aka bar fitila a kunne da dare. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, shi ya sa ba a bari rana ta wuce ba motsi. Da dundunya ta warke ya fara tsayuwa yana dafe da bayan kujera, sannan taku biyar zuwa ƙofar ɗaki, sannan zaure. Sanda a hannun hagu, mai rakiya a dama ɗan baya kaɗan. A dokin ƙofa ƙafar lafiya ce take fara hawa, wajen sauka mara ƙarfin ce take fara sauka.

A wata na biyar ya isa masallaci da ƙafarsa, sallar la'asar, ya huta sau biyu a hanya a kan dakalin maƙwabta. An ajiye masa kujera a ƙarshen sahun farko ta jikin bango. Yanzu shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Hannun dama yana iya riƙe carbi ya ja, amma bai iya ɗaukar cokali ba har yau, kuma in ya gaji kalmomi suna ɓace masa, ya ce buta yana nufin hula. Rumfar Kurmi ɗansa ne a ciki, shi yana zuwa ranar Asabar a Keke Napep ya zauna zuwa azahar. Kiran sallah wani ne yake yi, don numfashinsa ba ya kai ƙarshen jan murya, amma in yana nan shi ake bar wa iƙama. Littafin awon jini na huɗu ake ciki, Inna ce take rubutawa, kuma awon safiyar Juma'ar da ta wuce 126 bisa 78 ne.